Ku Tambayi Anti: Wai kai yara wurin shaƙatawa ɓata lokaci ne?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni dai yarana uku, a saman bene muke haya babu tsakar gida, in sun dawo makaranta daga waya sai talabijin. Akwai wurin shaƙatawa kusa da mu, na ce wa Abbansu mu riƙa kai su ranar hutu ya ce wai matattarar 'yan zaman banza ce. Don Allah ya zan yi? Daga Maman yara uku

Amsa: 'Yar uwa tambayarki ta taɓa ni wallahi, don yaro da aka kulle a ɗaki yana ta tsalle kan kujera kina ta masa tsawa, ba fitina ba ce, ƙarfi ne ya taru masa ya rasa inda zai kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yara 'yan shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, to a falo za su samu wannan?

Amma fa kar ki ce Abbansu bai da gaskiya, akwai wuraren da suka lalace haka. Abin da ke lalata su shi ne rashin zuwan iyalai. Duk inda babu idon iyaye da dattawa to waɗanda ba sa son a gan su ne za su gaje shi, in kuwa mata suna zaune kan benci yara na layin lilo wani tsoho na zagaye da sandarsa, da kansu masu shaye-shayen za su canja wuri. Na sha tsayawa ina kallon yaro da zarar ya hango ciyawa ya fizge hannunsa daga na uwarsa ya kwasa da gudu, ba ƙwallo ba komai, gudun kawai yake so, kafin minti goma ya yi abokai biyu da ko sunansu bai sani ba, su kuma iyayen har sun fara hira suna karɓar lambar juna. Haka maƙwabtaka take ƙulluwa a birni.

Asali ma don masu ƙaramin gida aka fara yin wuraren shaƙatawa na jama'a. A Birkenhead ta Ingila an buɗe ɗaya a 1847 da kuɗin jama'a, kowa ya shiga, wani Ba'amurke Frederick Law Olmsted ya je ya gani a 1850 abin ya burge shi, daga baya shi da Calvert Vaux suka zana Central Park na New York mai faɗin hekta 341.

Kar ki yi gardama da Abbansu. Ki roƙe shi ku je tare sau ɗaya da la'asar sanda rana ta yi sanyi, ku gayyaci wata maƙwabciya da nata yaran, ya gani da idonsa. In wurin bai yi ba ku bari.

Tambaya: Anti namu wurin ya zama juji, fitilu sun mutu, wasu na cewa gara a sayar a gina shaguna. Me kika gani? Daga wani magidanci

Amsa: Malam don Allah kar ku yarda, filin da aka zuba wa siminti ba ya dawowa. Lambun Al-Azhar na Alƙahira da aka buɗe a 2005 jujin shara ne na kusan shekara 500 kafin cibiyar al'adu ta Aga Khan ta mayar da shi lambu mai hekta 30. A Nairobi kuma a 1989 an so gina bene mai hawa 60 a Uhuru Park, marigayiya Wangari Maathai mai fafutukar kare muhalli ta tsaya kai da fata har aka fasa.

Ku fara da abin da za ku iya, ku haɗa matasan unguwa a kwashe sharar, sannan ku rubuta wa hukumar da ke kula da wurin takarda da sa hannun masu gidaje da yawa, ku nemi fitilu da mai gadi da banɗaki mai ruwa, don in babu banɗaki uwa mai ƙananan yara ba za ta iya daɗewa a wurin ba.