AC na sanyi da wutar gari, amma a janareto sai nishi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, da janareto na fetur da aka rubuta 2.5kVA a jikinsa. Idan da wutar gari, AC na sanyi lafiya lau. Amma da an ɗauke wuta mun tada janareto, fankar cikin ɗaki za ta juya, can bayan ɗan lokaci sai janareton ya yi wani nishi, fitilu su dushe, injin waje ya yi "ƙat" ya yi shiru. Iska kawai, ba sanyi. Mai gyara ya ce gas ne ya ƙare. In sa a ɗura? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. AC ɗin da gas ɗinsa ya ƙare ba ruwansa da inda wuta ta fito, da ta gari da ta janareto duk ba zai yi sanyi ba. Tunda naki na yi da wutar gari, gas na nan. Abin da kika kwatanta kwamfresa ce, wato na'urar da ke matse gas a cikin injin waje, ke ƙoƙarin tashi tana kasawa.

Ki lura da ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki. Wahalarsa duk a turin farko take, sai ya dage ya sa kafaɗa; da taya ta fara juyawa, da hannu ɗaya ma sai ya tafi da ita. Haka kwamfresa take. AC irin naki, idan ba mai inbata ba ne (irin wanda ke farawa sannu-sannu), yana cin wat 1,100 zuwa 1,300 yana cikin aiki, wato amfiya 5 zuwa 6 a bolt 230. Amma a daƙiƙar da zai tashi yana fizgar kusan ninki biyar na wannan, amfiya 25 zuwa 30. Ki sa a duba farantin da ke manne a gefen injin waje, za a ga an rubuta LRA da lamba a gabansa. Wannan ce wutar tashi. Shi kuwa janareto mai 2.5kVA, abin da yake iya bayarwa bai wuce amfiya 11 ba, ƙarfinsa na gaskiya kuma kusan wat 2,000 ne, in ma rubutun jikinsa gaskiya ya faɗa, don wasu na kasuwa cika baki ne kawai. Turansifomar unguwa na haɗiye wannan fizga ba ta ji ba. Janaretonki kuwa durƙushewa yake, wuta ta yi ƙasa, kwamfresa ta tsaya cak tana zafi, sai makarin da ke jikinta ya yanke wutar. Shi ne "ƙat" ɗin da kike ji. Kada ki bari ta yi ta maimaita haka, wayoyin cikinta ne ke dahuwa, kuma ita ce mafi tsada a duk AC ɗin.

Ki fara da abin da ba ya cin ko sisi. Da an ɗauke wuta ki kashe AC da rimot, kada a bar shi a kunne yaro ya ruga ya ja igiya ya juya canjoba, makunnin da ke mayar da gida kan wutar janareto. Gas ɗin da kwamfresa ta matse yana buƙatar aƙalla minti uku kafin ya lafa, in ba haka ba tashin ya fi nauyi. A bar janareto ya ɗumama, a cire firiza, dutsen guga da injin jan ruwa, a kunna AC shi kaɗai. In ya kama, sai a mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, banda dutsen guga.

In har yanzu ya ƙi, a kira mai gyara, amma ya zo da mita, ba da tukunyar gas ba. Abu na farko kafasito, wani ɗan gwangwani a cikin injin waje, galibi mai maikrofarad 30 zuwa 35 ga irin naki. Wanda ya raunana yakan lallaɓa da wutar gari, janareto ne ke tona masa asiri. Wani lokaci ido ma ya isa, za a ga samansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatirin da ya lalace. Ba shi da tsada, amma kada wani na gida ya taɓa shi, yana riƙe wuta ko bayan an kashe komai. Sannan a auna janareton kansa: bolt 220 zuwa 240, da juyi 3,000 a minti don ya ba da haz 50. Kafireto mai datti da matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe suna rage masa ƙarfi, zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40 kuma ya ƙara rage wani. Wannan ƙurar dai ita ke cushe ragar injin waje, a wanke ta. A duba waya kuma. Na sha ganin an ja wa AC wuta da siririyar wayar fitila mai tsawon gaske, tana ɗumi a hannu. Ta tagulla mai kaurin sikwaya milimita 2.5 (2.5mm²) ake so.

In komai lafiya kuma ya ƙi tashi, to janareton ne ya yi kaɗan. Sitabilaiza ba za ta cece ki ba, daidaita wuta take yi, ba ta ƙirƙirar ƙarfin da babu. Ko dai ki koma janareto mai 3.5kVA zuwa sama, ko a sa wa kwamfresa na'urar tashi a hankali, ko kuma in za ki sauya AC ki ɗauki mai inbata, wanda ke farawa sannu-sannu ba tare da fizga ba. Ni na ƙarshen zan zaɓa saboda kuɗin fetur, sai dai allon lantarkinsa ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, don haka a tabbatar AVR ɗin janareto, wato na'urar da ke daidaita wutarsa, na aiki. Kuma don a gajarta waya kada a matso da janareto gindin taga ko cikin baranda. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari, ga shi ɗakin AC a rufe ake kwana cikinsa.