Shin Alƙalin Kotu Da "Alkali" Na Darasin Kimiyya Asalinsu Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. A darasin kimiyyar sinadarai an koya mana kalmar Turanci "alkali", wato sinadarin da ke kashe kaifin asid, sai na ga rubutunta ya yi kama da alƙalinmu na kotu. Ƙawata ta ce a wurin Hausawa Turawa suka aro ta, tunda shi ma alƙali kashe wutar rikici yake yi. Ina gaskiyar wannan magana? Allah ya ƙara wa Malam basira.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, amin summa amin. Ƙawarki ta yi tunani mai kyau, amma kama da wane ba ta wane. Kalmomin biyu duk daga Larabci suka fito, sai dai kowace da tushenta, kuma kowace da hanyar da ta bi.

Alƙalinmu ya samo asali ne daga "al-ƙadi", mai yanke hukunci. Baƙin da ke tsakiyar kalmar shi ne wanda almajirai ke kira lodi a makarantar allo, kuma Bahaushe ya daɗe yana mayar da shi "l" idan ya ari kalma. Haka darura ta zama larura, farida ta zama farilla, al-wudu ya zama alwala, damir ya zama lamiri. Saboda haka "l" ɗin da kike ji a ƙarshen alƙali lodin nan ne, ba harafin lam na Larabci ba. Mutanen Sifaniya ma sun ari wannan kalmar, amma a bakinsu ta zama "alcalde", kuma har yau haka suke kiran shugaban gari.

Ita kuwa ta Turanci daga "al-ƙali" take, wato tokar da ake samu idan aka ƙone wasu tsirrai masu fitowa a ƙasa mai gishiri, kuma tushenta shi ne fi'ilin da ke nufin soyawa ko gasawa. Masu yin sabulu da gilashi a ƙasashen Larabawa da wannan toka suke aiki. Abin ba baƙo ba ne a gare mu, domin duk wadda ta ga kakarta tana tace ruwan toka, ko ta ga yadda marina ke zuba toka a karofi, ta riga ta san "alkali" tun kafin ta shiga aji.

Hanyar da kalmar ta bi zuwa Ingila ita ce ta littattafai. Bayan da Kiristoci suka karɓi birnin Toledo na Andalus a 1085, malaman Turai suka yi ta zuwa can suna fassara ilimin Larabawa zuwa Latin, kuma mutum ɗaya kawai, Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littattafai fiye da 70. Idan masu fassarar suka rasa kalmar Latin da ta dace, sai su bar ta Larabcin yadda take, har da "al" ɗin da ke gabanta, kamar dai yadda mu ma muka haɗiye shi a albasa, alƙalami da aljihu. Kafin ƙarshen ƙarni na 14 kalmar ta shiga Turanci, domin mawaƙin Ingila Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya ambace ta cikin kayan aikin masu neman mayar da ƙarfe zinariya. Wannan ya faru ne ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasar Hausa, don haka aro daga wurinmu ba zai yiwu ba. Har ma harafin K da kuke rubutawa a madadin sinadarin fotashiyam, wanda Humphry Davy ya fara warewa a 1807, daga "kalium" yake, jikar wannan toka.

Abin da ya fi burge ni shi ne cewa dangin gaskiya sau da yawa ba sa kama da juna. Kwallin da mata ke sawa a ido da kalmar "alcohol" uwa ɗaya ta haife su, wato "kuhl". A Turai an fara kiran duk wani gari mai laushi ƙwarai da wannan suna, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa tataccen ruwan da ake samu ta hanyar turara abu, har ya tsaya a kan sinadarin da ke cikin giya. Haka kuma sifirin da kike rubutawa a lissafi shi ne "sifr", wato wofi. Masanin lissafin nan na Italiya, Fibonacci, ya rubuta shi "zephirum" a 1202, bakin Italiyawa ya gajarta shi ya koma "zero", sannan Turanci ya karɓa a haka.