Ku Tambaya Mu Amsa: Mesata ta yi wata uku ba ta yi kashi ba

Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi, kiwon zomo nake yi tun ina yaro, daga baya na shiga kiwon ƙaramar mesar nan tamu mai dunƙulewa kamar ƙwallo. Toh kwanaki wani abokina da zai yi tafiya ya bar min wasu mesa guda biyu mace da namiji, jajaye masu kauri sosai da ɗan guntun jela, yace ƴan Indonesiya ne. Matsalata macen tana cin ɓera lafiya lau amma yau wata uku kenan banga kashinta ba, kuma kullum tana kwance cikin kwanon ruwa. Na saka mata kwan fitila don ɗumi kamar yadda nake wa sauran. Sannan ina so in haɗa su su hayayyafa, ina da injin ƙyanƙyasar kaji, zai yi? Daga ɗanka, mai zomo na Aboabo.

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka gama karanta amsar nan, tashi ka je ka kashe kwan fitilar nan tukuna, sai ka dawo mu yi magana.

Abin da ke hannunka mesa mai gajeren jela ce, kuma tunda kace ja ce to kusan tabbas ita ce wadda masana ke kira Python brongersmai, Turawa kuma suna ce mata mesar jini saboda launinta. Su uku ne ƴan gida ɗaya, akwai ta Borneo akwai ta yammacin Sumatra mai duhun jiki, da can ana lissafa su abu guda sai a 2001 aka raba su. Taka ana samunta a Tailan da Malesiya da Sumatra, cikin fadama da gonakin kwakwar manja inda ɓeraye suka yi yawa, takan shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ta yi lamo kwana da kwanaki sai ɓera ya zo wucewa ta cafke. Kaga kenan dabba ce ta inuwa da ƙasa mai sanyi-sanyi, ba ruwanta da shan hantsi.

Nan ne mutanenmu ke yin kuskure, sai ka kalli bidiyon wani Bature a YouTube yana jona hita da fitila kai ma ka kwaikwaya, ka manta shi a garin ƙanƙara yake, kai kuma kana Kumasi cikin ɗaki mai rufin kwano wanda a watan Fabrairu da Maris ko kai mutum ba ka iya zaman cikinsa da azahar. Ita digiri 26 zuwa 28 take so, gefen da ya fi ɗumi kar ya wuce 30 ko 31. Zaman da take yi cikin kwanon ruwa kuka ne, zafi ya dame ta. Na taɓa shiga ɗakin wani yaro wajen Asawase na tarar da irin haka, mesa ta cusa jikinta cikin robar ruwa har ruwan ya zube, kanta kawai ke bisa baki tana huci, muka sa ma'aunin zafi a ƙasan akwatin ya nuna 35. Sauke akwatin muka yi kan siminti a lungun da rana ba ta bugu, kwana biyu ta koma maɓoyarta. Amma ka duba ruwan da kyau, in kaga ƴan baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono to ƙananan kaska ne ke cizonta, su ma suna sa maciji zama cikin ruwa, wannan sai magani. Ma'aunin zafi dai ka saya, ba tsada, ka daina aunawa da tafin hannu.

Batun kashi kuwa kwantar da hankalinka. Halin wannan jinsin ne, sukan riƙe kashi wata biyu, uku, wata ma ta fi haka, ranar da zata sauke kuma zaka sha mamaki don sai ka wanke akwatin gaba ɗaya. In dai tana ci, tana shan ruwa, bayanta bai kumbura ya yi tauri ba, bar ta. Kar wani ya baka shawarar ɗura mata man ja ko maganin wankin ciki, na ji ana yi, kisa ne. Ka tabbatar kullum da ruwa mai tsabta a babban kwano don suna sha sosai. In kaji tana numfashi da ƙara kamar fito, ko kumfa a baki, ko tana ɗaga kai baki buɗe, wannan ciwon huhu ne kuma yana kashe su, ka nemi likitan dabbobi, jami'ar KNUST na da makarantar likitancin dabbobi nan kusa da kai.

Shimfiɗa: ɓawon kwakwa da aka daddatsa ko tsohuwar jarida, da ɗan danshi amma ba jagab ba. Damina ba ka da aiki, iskar Kumasi ta wadatar, sai dai ka kula iska na shiga akwatin. Lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ne zaka riƙa yayyafa ruwa, in ba haka ba saɓarta ta riƙa fita guntu-guntu har ta maƙale a ido.

Sai abinci, kuma nan ina da faɗa. Kace tana ci lafiya lau, ai ita bata san ƙoshi ba, ko kullum ka miƙa zata karɓa, ga ta kuma ba motsi take ba. Babba ƙaton ɓera ɗaya duk sati biyu zuwa uku ya ishe ta. Da yake halittarta mai kauri ce mutane basa gane ta yi ƙiba sai kitse ya rufe ta, mace mai kitse kuwa ko ta ɗauki ƙwai sai ya zo fanko ko ya maƙale mata. Kuma don Allah ban da ɓeran kwata da gafiyar da yara ke kamowa, kasan yadda ake zuba maganin ɓera a gidajen Zango, ɗaya mai guba ya isa. Tunda kana da kejin zomo ware ɗaya ka yi kiwon fararen ɓeraye. Ka kashe kafin ka bata, ɓera mai rai in ta ƙi shi zai gwaguye mata baya cikin dare.

Yanzu hayayyafa. Ni dai a ganina bana ba shekarar ba ce, dabbar da ta sha zafi wata uku a bar ta ta dawo hayyacinta tukun. Kuma baka faɗa min shekarunta ba, mace sai ta kai uku zuwa huɗu. Kowa da akwatinsa, lokacin barbara kawai ake kai namiji wajenta ya yi ƴan kwanaki a fitar. In ta ɗauka zata daina ci, tsakiyarta ya kumbura, ta yi saɓa, bayan wata guda da ɗan kai ta zuba ƙwai, goma sha ne yawanci, manya kan kai ashirin da wani abu. Injin kajinka kuwa a'a! Shi yana wajen digiri 37 da rabi kuma yana juya ƙwai, ƙwan mesa 30 zuwa 31 yake so, ɓawonsa taushi kamar fata, kuma in ka juya shi bayan ya kwana ɗan cikin na iya mutuwa. In dole sai ka ɗauka, sa alama da fensir a saman kowanne, waɗanda suka manne da juna kar ka ɓamɓare. Da wannan dumso, wato ɗauke wutar lantarki, da ba ya sallama kafin ya zo, ni da zan bar uwar ta yi kwancinta, tana naɗe ƙwan da jikinta wajen wata biyu zuwa biyu da rabi, kai naka kawai danshi da rashin leƙe. Ɗan in ya tsaga ƙwai yakan zauna ciki kwana ɗaya ko biyu, kar ka ciro shi. Kuma ƴaƴan wannan jinsin suna daɗewa basu yi saɓar fari ba, har wata biyu ko uku, saboda haka kar ka jira saɓa kafin ka fara ba su ƴan ɓeraye.

Tambayar da baka yi ba: abokin naka ya bar maka takarda? Wannan mesa tana rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, don ana kama su da yawa saboda fata, ba a tsallaka iyaka da ita sai da izini. Je sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ka gyara zamanka kafin ka tara ƴaƴa ashirin, kuma ka yi tunanin wa zai saya, don kowanne akwatinsa daban da ɓeransa duk sati.

Wata baiwar Allah kuma daga Tafo ta rubuto: Malam ƙanen mijina ya ajiye irin wannan jar mesa a gidan haya da muke, ina da yara ƙanana, tana da dafi? Zata iya haɗiye yaro?

Hajiya ba ta da dafi ko kaɗan, ba kububuwa ba ce ba kasa ba, ko da yake kaurin nata na sa a ɗauka kasa ce. Tsawonta da wuya ya wuce mita biyu, abincinta ɓera, ba irin ƙatuwar mesar dajinmu ba ce. Amma tana cizo, da sauri kuwa, kuma haƙoran na yaga fata. Ki sa mijinki ya gaya wa ƙanen nasa ya sa wa akwatin kwaɗo ya riƙe makulli a aljihunsa, yara kar su shiga ɗakin, duk wanda ya taɓa ta ko kwanonta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Mai gidan hayar ma a sanar da shi yau, kar ya ji a bakin maƙwabta.