Ƙashina ko na saniya: wanne za a cika kogon da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara 6 ke nan da cire mini turame biyu na sama. Na je Kano neman dashen haƙori, aka ce ƙashin wurin ya zaizaye, sai an ƙara. An ce ko a ɗebo nawa, ko a sa na saniya, ko na haɗi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. A saman turamen nan akwai kogon iska mai haɗe da hanci. Haƙori na fita, ƙashi ya fara janyewa, kogon kuma ya sauko. Idan kaurin da ya rage bai kai milimita 5 ba, ƙusar dashe ba ta samun abin kamawa. Sai a buɗe 'yar taga ta gefe, a ɗaga tantanin kogon a hankali, a cusa garin ƙashi. Tun 1980 wasu likitoci biyu, Boyne da James, suka wallafa wannan dabara.

Naka shi kaɗai ne ke zuwa da ƙwayoyin halitta masu rai, shi ya sa ya fi saurin haɗewa, wata 4 zuwa 6. Amma ciwo biyu za ka yi jinya, don daga haɓa, ko bayan muƙamuƙin ƙasa, ko ƙugu ake ɗebo shi, kuma yana motsewa bayan an sa. Mai riƙe garma da ciwon ƙugu, ka san abin da nake nufi.

Na saniya, irin Bio-Oss na Suwizalan, an gasa shi an tsarkake har ma'adinin kawai ya rage. Aikinsa kamar azara ce a rufin soro: ya tsaya, ƙashinka ya bi ya lulluɓe shi. Yana daɗewa bai narke ba, tudun ba ya sauka, sai dai jira ya kai wata 6 zuwa 9. Na haɗi a masana'anta ake yin sa daga sinadaran kalsiyam, wani nau'insa kan narke da wuri. Akwai kuma na mutanen da suka bayar, daga ma'ajiyar ƙashi.

A wannan kogon, ɗorewar dashe kusan ɗaya ce a dukkansu. Da ƙanena ne, na saniya zan zaɓa masa, a gauraya da ɗan ƙashinsa da aka kankaro a wurin aikin. Ka tambayi likita ƙarara daga wace dabba aka samo garin, domin akwai na alade a kasuwa, kuma haƙƙinka ne ka sani kafin ka sa hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne tantanin nan na kogon, kada ya yage. Mako biyu bayan aiki kada ka fyace hanci, atishawa kuma baki a buɗe. In kana shan taba ka bari, in da ciwon suga a daidaita shi tukuna. Kada ka yarda a sa ranar aikin lokacin sussuka ko tsakiyar ƙurar hunturu.