Hukuncin kafa 'yan sa-kai a garin da jami'an tsaro ba sa isa da wuri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙauyenmu yana bakin daji, 'yan bindiga kan shigo cikin dare su kore shanu su kwashi mutane, ofishin 'yan sanda kuwa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kafin su iso an gama ɓarna. Shin ya halatta mu haɗa matasanmu mu tsare kanmu, ko wajibi ne mu jira hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo muku ɗauki, ɗan'uwa.

Tunkuɗe maharin da ya afka muku halal ne, idan kuma mutuncin iyali ake nema to ya zama wajibi ga mai iko. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, sai ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in kuma aka kashe shi ya yi shahada. Malaman Malikiyya sun so a fara yi wa maharin magiya da Allah idan hali ya bayar, amma wanda ya shigo yana harbi bai bar wannan damar ba.

Sintiri ma ya halatta, da sharaɗin ya kasance da sanin dagaci da hakimi, a ƙarƙashin kulawar jami'an tsaro, kuma a zaɓi mutanen da gari ya shaidi halinsu. An ga amfanin haka a Maiduguri tun 2013 da 'yan kato-da-gora suka taimaki sojoji, kuma jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi baya da Askarawa a 2024.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da ke biyo bayan hari. Bincike, yanke hukunci da zartar da haddi ko ƙisasi aikin shugaba ne da alƙali, babu wani ɗan sa-kai da ke da wannan hurumi. Wanda kuka kama ku miƙa shi da ransa. Haramun ne a tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi saboda kamanninsa, ko a ƙone ruga don ramuwa, domin Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 164, wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Mu da muka yi kukan mafarauta 16 da 'yan banga suka kashe a Uromi ta jihar Edo cikin Maris 2025 bisa zato kawai, bai kamata mu aikata irinsa ga maƙwabtanmu ba.

Halaccin tsare kai kuma bai sauke nauyi daga wuyan gwamnati ba, don haka ku ci gaba da kai kuka ta hannun sarakuna da wakilanku har a girke muku jami'ai. Allah ne mafi sani.