Amsa ga Malam Hedimasta: abin da za mu iya tun kafin a kai ga magani

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Hedimasta, iyaye 'yan uwana, barkanmu da dare. Na ga saƙon da Malam ya turo bayan la'asar, cewa ciwon ido ya shiga aji uku, wasu yaran kuma suna ta tari, ga makaranta ba ta da kuɗin sayen magani, yana tambayar yadda za a yi. Na fara rubutu sai na ga maganar ta fi ƙarfin yatsa, shi ya sa na ɗauki murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Malam, ka kwantar da hankalinka a kan maganar magani. Ko kuɗin na nan, ni da na yi aikin jinya har na yi ritaya ba zan ba da shawarar malami ya riƙa raba wa yara ƙwaya a aji ba. Wannan aikin asibiti ne. Naku aikin shi ne tare hanya. Cuta ba ta da ƙafa, mu muke ɗaukar ta mu kai wa juna, ta hannu, ta numfashi, ta ruwan da muke sha. In an toshe waɗannan hanyoyin an yi babban aiki, kuma yawancinsa ba ya cin ko sisi.

Bari in fara da abin da idona ya gani ranar da na je ɗaukar jikana. Randa ɗaya ce a bakin ofis, moɗa ɗaya a kanta. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallo, yaro ya sha ya miƙa wa na bayansa, wancan ya tsoma moɗar har da hannunsa a cikin randar, wani ma ya mayar da ragowar da ya sha. Yaron da ke da mura ko mashaƙo, ai ya gama raba wa kowa ke nan. Kuma ba a manta ba, mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, yara 'yan makaranta ne ya fi kamawa. To ina roƙon iyaye, kowane yaro ya zo da kofinsa ko gorarsa daga gida, ko robar lemo ce da aka wanke. Randar kuma a rufe ta, a samu moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, ba ta kaiwa baki. In da hali a koma bokiti mai famfo, irin wanda aka riƙa ajiyewa a ƙofar makarantu lokacin korona. Wata ma'aikaciyar lafiya ce 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi, shi ya sa ake kiransa da sunanta. Na tabbata in aka duba sito za a samu namu na 2020 a jibge, sai dai a sauya famfo.

Shi ciwon idon nan da muke ce wa apolo, tun 1969 ya samu sunan, don a Ghana ya ɓulla a shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata da kumbon Apollo. Mutane na cewa in ka kalli idon mai shi za ka ɗauka. Ba kallo ba ne, hannu ne. Yaro ya murza idonsa, ya taɓa benci, ya ari fensir, ya kama hannun abokinsa, shi kuma abokin ya kai hannu ido. Haka hankici, haka gefen hijabi da 'yan mata ke share wa juna fuska da shi, haka kwalli a gida. Don Allah iyaye mata, kada a ɗiga wa yaro komai a ido, ba ruwan sukari, ba ruwan albasa, ba nono. Na ga idon da irin wannan ya lalata. A wanke da ruwa mai tsabta, tsummansa daban, in ya yi tsanani ko yana fitar da ruwa mai kauri a kai shi asibiti.

Wanke hannu kuwa, kowa ya san shi a baki. Abin da ake mantawa shi ne sabulu da kuma lokaci. Ruwa zalla ba ya isa, sai an cuɗa da sabulu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Lokaci biyu ne ba na wasa ba: in an fito daga banɗaki, da kuma kafin a ci abinci lokacin tara. Na san Malam zai ce sabulu ba ya kwana a makaranta. Gaskiya ne. Dabarar ita ce a huda shi a ɗaure da igiya, ko a kaɗa omo kaɗan a gora a huda murfin. Ranar da babu, toka mai tsabta ta fi babu. Jarka ma ana iya rataye ta a sanda a ɗaura igiya da ɗan itace a ƙasa, yaro ya taka da ƙafa ruwa ya zubo, hannu bai taɓa komai ba.

Yanzu maganar taga, kuma nan ne zuciyata ta fi nauyi. Ina bakin aiki a 1996 lokacin sanƙarau. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gadaje suka ƙare, aka riƙa shimfiɗa yara a tabarma a baranda da gindin bishiya. A wannan shekarar sama da mutum dubu 11 suka rasu a Najeriya, yawancinsu a nan Arewa. Aka sake ganin irinsa a 2017, ya faro daga Zamfara, ya ci sama da mutum dubu. Sanƙarau yana son abu biyu, iska mai ƙura da ke busar da hanci da maƙogwaro daga hunturu zuwa bazara, da kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. To ku dubi ajujuwanmu. Da sanyi ya shigo sai a rufe tagogi ruf, wasu ma an buga musu kwano tun da gilashin ya fashe, yara cike maƙil suna shaƙar numfashin juna tun safe har azahar. Ƙyanda ma haka take, ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Malam, a ɓalle kwanon nan. Taga biyu masu kallon juna su zauna a buɗe, yara su sa rigar sanyi. Da an fita tara kowa ya fita, a bar ƙofa a wangale. Ajin da ya fi cika, a raba shi, wasu su yi darasi a ƙarƙashin darbejiyar nan. Shara kuma a yayyafa ruwa kafin a yi, kada yara su fara karatu cikin ƙura.

Sai abin da na fi so a tattauna a zaman iyaye da malamai: yaron da ba shi da lafiya ya zauna a gida, kuma kada a hukunta shi. A wata makarantar da jikana ya yi kafin mu dawo unguwar nan, ƙarambau ya kama shi, na riƙe shi a gida har ƙurajen suka bushe. Ranar da ya koma bulala ya sha, wai ya yi fashi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kuma me sauran yaran suka koya? Cewa gara ka ɓoye zazzaɓinka ka zo. Mu ma iyaye muna da namu laifin. Uwa za ta taɓa goshin yaro ta ji zafi, ta ba shi farasitamol ta tura shi, don ta biya kuɗin makaranta, ko don akwai gwaji, ko don ba mai zama da shi. Na san halin da ake ciki, wallahi na sani. Amma kwana biyun da ya yi a gida ya fi a ce rabin aji sun kwanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana wanda ke ciki fita. Ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya a mashaya. In zai yi atishawa yana rufe fuskarsa da hannu ko tufafinsa. Malaman Islamiyya su riƙa tuna wa yara wannan, zai fi shiga ransu.

Ga yadda nake ganin za a tsara. Mai zazzaɓi ya zauna har ya yi kwana ɗaya cur ba zafin jiki ba tare da an ba shi magani ba. Mai amai ko gudawa, kwana 2 bayan ya tsaya. Mai ƙyanda, aƙalla kwana 4 bayan ƙuraje sun fito. Mai ƙarambau, sai duk sun bushe sun yi ɓawo. Uwa ta turo saƙo nan zauren ko ta kira malamin aji, a rubuta masa rashin lafiya a rajista, gwajin da ya wuce shi a ba shi daga baya. Malamin aji kuma da safe, yana kiran suna yana duban fuskoki, minti biyu ne. Wanda ya ga idonsa ya yi ja ko jikinsa ya yi la'asar, a zaunar da shi a inuwa gefe guda a kira gida, cikin mutunci, ba tare da an sa 'yan aji sun yi masa dariya ba. Malamai ma haka, wanda ke tari da zazzaɓi a ba shi hutu, kada a yanke masa albashi.

Banɗaki da masu talla ba zan ja ba. Ramin masai ya samu murfi saboda ƙuda, buta da sabulu a ƙofa, a wanke kullum. In damina ta zo wannan shi ne tsakaninmu da kwalara, kun tuna yadda ta yi a 2021 a Bauchi da Jigawa da Kano. Masu awara da ɗanwake da zoɓo kada a kore su, abincinsu suke nema, amma su rufe kayansu, su riƙa ɗiba da cokali, kuma su matsa daga bakin kwata. A gida kuma kowane yaro da askarsa ko rezarsa, saboda makero.

Abu ɗaya da ba a jira a kansa: yaro mai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, ko yana fizge-fizge, ko maƙogwaro ya kumbura yana kasa haɗiya, ko gudawa kamar ruwan shinkafa. Wannan asibiti ne kai tsaye, ko tsakar dare ne. Kuma duk abin da na lissafa ba ya maye gurbin rigakafi, kowa ya duba katin ɗansa.

Malam, ranar Asabar bayan hantsi zan shigo in sha Allah da jarka biyu da sabulu, in nuna wa manyan yara yadda ake ɗaura ta. Ana buƙatar igiya, da sanduna, da kafinta ɗaya da zai duba tagogin aji uku da aji huɗu. Wanda zai iya kawo wani abu a ciki ya rubuta a nan kafin Juma'a. Allah ya ba yaranmu lafiya. Sai da safe.