Makarantar yara a Ingila: amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa da 'ya'ya biyu

Assalamu alaikum ƙanwata. Allah Ya sa alheri a aikin jinyar da kika samu, Ya kawo ku lafiya ke da maigida da yaran. Kin ce namijin shekararsa 6, macen kuma 13, kina tambaya ko za su iya karatun nan, da kuma yadda ranar makaranta take. Ta fuskar karatu ki kwantar da hankalinki. Yaron da ya fito daga makaranta mai ɗan kyau a Kano ko Kaduna ba ya daɗewa bai kama ba. Inda mutanenmu suke tuntuɓe shi ne dokokin da suka kewaye ajin, domin a nan rabin dokar makaranta a wuyan iyaye take, kuma hukuma ce ke bibiyarta, ba malami kaɗai ba. Duk abin da zan faɗa miki na makarantun gwamnati ne a Ingila. Scotland da Wales suna da nasu tsarin.

Aji a nan ranar haihuwa ce ke yanke shi. Ana lissafi daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Idan ɗanki ya riga ya cika 6 kafin Satumba ta kama, aji 2 zai shiga. Idan a cikin shekarar karatun zai cika, aji 1 ne. Lissafin ajin yana ɗorewa ne har sakandare: firamare ta ƙare a aji 6, sakandare ta fara daga aji 7 zuwa 11. Saboda haka 'yarki aji 8 ko 9 za ta faɗa. Kada ki ɓata bakinki kina cewa a gida har ta kai JSS 3 ko an yi mata tsallake. Ba a tsallake, ba a maimaita aji sai da wani dalili mai ƙarfi ƙwarai. Gurbi kuwa ta ƙaramar hukumar da kuka sauka ake nema, da shaidar adireshi da takardar haihuwa ko fasfo. Makarantar kyauta ce. Amma idan kun zo tsakiyar shekara, ba lallai ba ne a samu wuri a wadda ke kusa da gida, musamman ga ƙaramin, don doka ta hana ajin ƙanana ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. Ki cike takardar a makon da kuka samu gida.

Galibin makarantu suna buɗe ƙofa wajen 8:40, a kira suna kafin 9:00, a tashi tsakanin 3:00 da 3:30. Ana kiran suna sau biyu, safe da bayan abincin rana, kuma kowane kira ana ƙirga shi rabin yini. Wanda ya iso bayan an kulle ƙofar fili sai ya bi ta ofis a rubuta masa latti. Idan kuwa ya kai har an rufe rajista, wadda ba ta wuce minti 30 a buɗe, to wannan safiyar fashi aka rubuta masa ko da ya zauna a aji har a tashi.

A kan fashin nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi cin mutanenmu. Daga watan Agustan 2024, idan yaro ya tara fashi 10 marasa izini cikin mako 10 na karatu, wato kwana 5 ke nan, dole makaranta ta duba batun tara. Tarar fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, ta koma 160 idan an wuce. Kuma a kan kowane mahaifi ake yi, a kan kowane yaro. Ki lissafa: ku tafi gida bikin ƙani na mako biyu ana tsakiyar zango, ke da maigida da yara biyu, fam 320 ke nan, in kun yi jinkiri 640. Aka sake cikin shekara 3, kai tsaye 160 ne. Na uku ba tara kuma, ana iya kai ku kotu. Shugaban makaranta ba ya ba da izinin tafiya don tikitin jirgi ya fi araha, kuma yaron da ya yi kwana 20 na karatu a jere ba izini ana iya cire sunansa a ba wani gurbin. Kwanakin karatu 190 ne a shekara. Akwai hutun mako guda a ƙarshen Oktoba, da Fabrairu, da ƙarshen Mayu. Mako biyu a Kirsimeti, biyu a Ista. Sai dogon hutu na kusan mako 6 daga ƙarshen Yuli. Duk wata tafiya gida a cusa ta cikin waɗannan.

Ranar Sallah daban ce. Doka ta yarda da fashin ranar ibada, yawanci yini guda ga kowace Sallah, amma sai kin sanar tun da wuri. Ki gaya musu ranar tana iya motsawa da ganin wata, sun saba da hakan. Rashin lafiya kuma, ki kira ofis kafin 9:00 a ranar, kuma kowace safiya har ya warke. Idan ba ki kira ba su za su kira ki, ba su same ki ba su kira lamba ta biyu, wani lokaci har su zo gida. Amai ko gudawa, sai yaro ya yi awa 48 da na ƙarshe kafin ya koma. Mura kaɗai ba ta hana zuwa.

Ke da za ki riƙa aikin awa 12, wani lokaci da dare, ki zauna da maigida ku tsara kai wa da ɗauko wa tun kafin ku taso. Ɗan shekara 6 ba a sakinsa ya taho shi kaɗai. Malama tana tsayawa a ƙofar aji, sai ta hango fuskar da ta sani sannan ta kira sunan yaro. Wanda ba ya cikin sunayen da kika rubuta ba za a ba shi ba, ko da kawunsa ne, wasu makarantun ma sai ya faɗi kalmar sirri. Da yawa ba sa yarda yayarsa 'yar 13 ta ɗauke shi, ki tambaya. Akwai wurin ajiye yara kafin a shiga aji da bayan an tashi, sau da yawa na kuɗi ne, kuma gurbi yana cika. Yawan latti wajen ɗauko yaro ana rubuta shi.

A cikin aji, akwai ladabin gida da malamin nan ba zai gane shi a matsayin ladabi ba. Mun koya wa yaro ya sunkuyar da kai idan babba na magana, kada ya mayar da magana, kada ya yi tambaya sai an tambaye shi. Malamin nan idan yana yi wa yaro magana yaron na kallon ƙasa, sai ya ɗauka ko bai ji ba, ko yana ɓoye wani abu, ko raini ne. Ki zaunar da su ki ce: a makaranta ku dubi fuskar malami, ku ɗaga hannu, ku ce ban gane ba. Ba a durƙusawa, ba a miƙewa a gaida malami da waƙa. A rahoton zango za ki ga an yaba wa yaro don yana tambaya, an kuma nuna damuwa a kan mai shiru ko da yana cin jarrabawa. Wannan ba ya rage tarbiyyar gida da komai, sai dai su san kowane wuri da irin nasa.

Firamare akwai sauƙi: malami guda ke riƙe aji yini duka, ƙanana su zauna a kan darduma gabansa, sannan su koma tebura rukuni-rukuni. Kowace rana ɗanki zai dawo da jakar littafi da ɗan littafin karatu da wani na rubuta bayani. Ki saurare shi minti 10, ki rubuta shafin da ya tsaya, ki sa hannu, ana dubawa. Karatun ta sautin harufa ake koyar da shi, ba ta haddar sunayensu ba, don haka kada ki gyara masa zuwa yadda aka koya mana. A watan Yuni 'yan aji 1 suna gwajin karanta kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana don a ga ko yaro na iya haɗa sauti. A aji 4 akwai gwajin jadawalin sau har 12 sau 12, tambaya 25, daƙiƙa 6 kowacce. Nan yaranmu suna haskakawa.

Sakandare ta fi tsauri, kuma 'yarki ce za ta fi jin canjin. Ɗalibai ne ke bin malamai ɗaki-ɗaki, darasi biyar ko shida a rana, wasu makarantun jadawalinsu na mako biyu ne mai juyawa. Mantuwar biro ko kalkuleta, latti tsakanin darasi da darasi, surutu, rashin aikin gida, duk ana sa musu maki a manhajar makaranta da za ki sa a wayarki. Gargaɗi, sai gargaɗi na biyu, sai a tsare yaro bayan an tashi, minti 20 zuwa awa guda, kuma doka ba ta ce sai da yardarki ba, ana iya yi a ranar. Gaba da wannan akwai keɓe yaro a ɗaki daban, sai dakatarwa, sai kora. Waya a jaka a kashe, ko a ajiye ta a ofis. Aka gan ta a hannu an karɓe. Faɗa kuwa, ki cire mata maganar "in an dake ki ki rama". Wanda ya rama shi ma ana hukunta shi. Idan ana tsangwamarta saboda launi ko harshe ko hijabi, ta faɗa wa malamin ajinta, ke kuma ki rubuta imel don a samu shaida a rubuce. In aji 9 ta shiga, a cikin shekarar za ta zaɓi darussan da za ta yi jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, a kansu a aji 11. Kada taron zaɓin nan ya wuce ki.

Ba a duka a makarantun gwamnati tun 1987. Maganar duka ta shafi gida ma. Duk ma'aikacin makaranta da ya ga tabo a jikin yaro, ko yaro ya ce an zane shi da bulala ko waya ko takalmi, wajibi ne ya kai wa jami'in kare yara na makarantar, shi kuma yana iya kiran ma'aikatan jin daɗin jama'a a ranar. Ba ya da ikon rufa miki asiri ko da yana ganin mutuncinki. A Ingila dukan da ya bar alama laifi ne, Scotland tun 2020 da Wales tun 2022 sun haramta shi gaba ɗaya. Ke kuma lasisin aikinki yana iya shiga ciki. Ku yi wannan maganar da maigida sosai, ku samo wata hanyar horo, kamar hana waya ko fita ko kuɗin kashewa. Idan yaran suna da tsagar gado ko tabon sakiya ko ƙaho, ki faɗa wa makaranta tun ranar farko.

Abincin rana kyauta ne har ƙarshen aji 2, daga nan galibi kusan fam 3 a rana, ko a tafi da na gida. Wasu makarantun suna da naman halal, wasu babu. Ki tambaya, in babu ki zaɓa musu na kifi ko na ganye. Abin da za ki kiyaye ƙwarai shi ne gyaɗa. Makarantu da yawa sun hana ta kwata-kwata saboda akwai yaran da ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi. Ki tuna ƙuliƙuli gyaɗa ne, yajin tsire akwai ƙuli a ciki, haka kilishi da tunkuza. Kada ko ɗaya ya shiga kwanon makaranta.

Hijabi galibi an yarda da shi, a launin kayan makarantar, kuma mace na iya sa wando ko dogon siket da dogon wando na wasanni; ki karanta dokar tufafi ta makarantar kafin ki saya. Kina da haƙƙin cire yaro daga addu'ar taron safe da darasin addinai ta hanyar rubuta wasiƙa, haka ɓangaren ilimin jima'i, amma ban da abin da ke cikin darasin kimiyya da na zamantakewa. Ki nemi a nuna miki abin da ake koyarwa, dole su nuna. A lokacin sanyi rana tana faɗuwa kafin 4:00, Azahar da La'asar duk a makaranta suke riskar yara. Sakandare da yawa suna ba da ɗakin salla lokacin abincin rana, amma sai an nema; 'yarki ta fita da alwala daga gida.

Kayan firamare a manyan kantuna ake saye da araha, sai rigar sanyi mai tambari. Na sakandare sun fi tsada, kwat da laktaye da kayan wasanni, takalmi baƙi na fata, ba kambas ba. Ki rubuta suna a jikin komai har gorar ruwa, don rigunan sanyi 30 iri ɗaya ne a ajin. Rigar ruwa mai hula kullum a jaka, domin ana fitar da yara fili ko ana yayyafi.

Sakamako ba a jera na ɗaya da na biyu, kada ki tambayi malama matsayinsa a aji, ba za ta faɗa ba. Ana gaya miki ne ko yaro ya kai inda ake tsammanin sa'anninsa, ko yana ƙasa, ko ya zarce. Taron iyaye da malamai yawanci sau ɗaya ko biyu ne a shekara, minti 5 zuwa 10 kowane malami, kuma ta intanet ake kama lokaci. Ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin ki je, ki kuma nemi musanyar aiki a asibiti da zarar an sanar da ranar, don jadawalin ma'aikatan jinya makonni kafin lokaci ake fitar da shi. A gaida maigida da yaran.